Sunana a Takardar Fanshonta

Saura wata bakwai in yi ritaya uwar 'yata ta rasu. Na ce uwar 'yata ne don ba ni da wani abin da zan kira ta da shi. Mun yi shekara ashirin da uku da aure, muka yi shida da rabuwa, amma har yau wani lokaci bakina yakan riga ni, in ce matata, sannan in tsaya in gyara.

Ina wurin aiki labarin ya same ni. Sana'ata gyaran na'urorin asibiti ce, kuma ranar ina tsugunne a bayan wani injin wankin ƙoda da ya ƙi tashi tun safe. Waya ta yi ta kuka a aljihuna, ban ɗaga ba saboda hannuwana biyu suna cikin injin. Sai a kira na uku na ciro ta, na ga 'yata ce. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Abba, Umma ta cika. Yanzun nan."

Na yi salati, na ba ta haƙuri, na tambaye ta ko akwai manya kusa da ita. Ta ce kawunnanta suna nan. Da ta kashe wayar, sai na koma na ƙarasa ɗaure abin da na kwance, na gwada injin ya tashi, na cike takardar aiki na miƙa. Sai da na fito wurin ajiye motoci, zafin rana ya buge ni a fuska, sannan labarin ya shige ni. Na zauna a cikin mota ban tayar da ita ba, gumi na zuba, har aka kira la'asar.

Kafin magariba an kai ta makwancinta a Zariya. Ko da jirgi na jirana a bakin ƙofa ba zan riski sallar ba. Kuma ko da na je zaman makoki, ban san a tabarmar da zan zauna ba, ta masu karɓar gaisuwa ko ta masu zuwa yi. Don haka ban je ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, 'yan uwanmu Hausawa kamar su takwas suka biyo ni gida a unguwar Mesaimeer, a nan Doha. Aka yi addu'a, aka sha ruwa. Na lura kowa yana auna maganarsa. Wani ya ce Allah ya ba yarinya haƙuri. Wani ya ce Allah ya jiƙan baiwar Allah. Mutum ɗaya ne ya kama hannuna ya riƙe, ya ce, "Ya haƙurinmu?" Wani dattijo ne ɗan Katsina, direban wani gidan Larabawa a unguwar Ain Khaled, da muka san juna tun farkon zuwana Doha. Ya ci tuwon hannunta ba sau ɗaya ba.

Marigayiyar malamar lissafi ce a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati. Tana son aikinta fiye da yadda nake son nawa. Takan dawo gida da alli a gefen mayafi da tarin littattafan ɗalibai a leda, ta zauna a tsakar gida tana duba su da jan biro, tana magana da littattafan kamar masu su na gabanta. Lokacin da na samu aiki a nan, ba ta biyo ni ba sai bayan shekara biyu, kuma ni na matsa. Na ce zaman gwauranci ya ishe ni, na ce yarinya za ta samu makaranta mai kyau. Ta ɗauki hutun da ba a biyan albashi, ta zo da 'yarmu, tana da shekara goma sha biyu a lokacin.

Da hutun ya ƙare, aka aiko mata daga makaranta cewa ko ta koma ko ta ajiye aikin. Na tuna da yammacin da muka yi maganar, muna zaune a falo, ita tana cire tsakuwa daga wake a faranti. Ta ce shekara goma sha huɗu ta yi tana aiki, ba ta so su tafi a banza. Ta ce in bar ta ta koma, ta riƙa zuwa duk hutu, har ta kai lokacin da za ta yi ritaya da mutuncinta, ta samu abin da za ta riƙe in tsufa ya zo. Na yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, amma dariya ce. Na ce mata fanshon malamin makaranta me zai yi mata, ga mu a inda Allah ya buɗa mana.

Na ce, "Ki ajiye kawai. Ai ni ne fanshonki."

Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai kan wakenta. Washegari ta rubuta takardar ajiye aiki da hannunta, ni na kai aka aika.

Ba zan ce ba ta ji daɗin Doha ba sam. Tana son teku. Lokacin sanyi mukan ɗauki tabarma da filas ɗin shayi mu je bakin ruwa ranar Asabar, ita da yarinya su yi ta tafiya ni ina gadin takalma. Ta koyi Larabcin kasuwa fiye da ni, har takan yi ciniki da masu kifi ta ci su. Amma aikin koyarwa ya gagara. Ta kai takardunta makarantu da dama, wasu su ce sai an tantance su daga gida, wasu su ce za su kira, ba su kira ba. Daga baya ta haƙura, ta riƙa tara 'ya'yan 'yan uwanmu a falo duk ƙarshen mako tana koya musu lissafi. Ba ta karɓar komai. Iyayen sukan aiko da kaza ko buhun shinkafa, ita kuma ta dafa ta aika musu da rabi.

Da 'yarmu ta gama sakandare ta koma gida jami'a, sai gidan ya yi mana faɗi. Ina fita tun da sassafe, in dawo a gajiye. Matata kuwa tana nan tsakanin bango huɗu da ƙarar na'urar sanyi, wata biyar na zafi ba inda za ka taka da ƙafa. A tsakanin nan mahaifinta ya rasu, idon mahaifiyarta kuma ya fara mutuwa. Ta je ta yi wata uku ta dawo. Ba ta yi wata biyu ba ta ce tana so ta koma, domin tsohuwar ta faɗi a banɗaki ba kowa a gida. Na ce tana da ƙanne maza biyu da matansu. Ta ce ba ɗaya ba ne. Na ce ni ma ina da haƙƙi a kanta. Ta ce ta sani, shi ya sa take roƙo ba tafiya ta yi ba.

Mun yi wajen shekara guda muna wannan maganar, kullum ita ce, sai dai ta canza riga. Ba zagi, ba ɗaga murya sosai. Wata safiyar Juma'a muna karyawa, ta sake tayar da zancen, ta ƙara da cewa ta bar aikinta saboda ni, ba za ta bar uwarta ma ba. Wannan kalmar ce ta sosa ni, don na san gaskiya ce. Na ajiye kofi na ce in uwarta ta zaɓa to ta je, na sake ta saki ɗaya. Na shiga ɗaki na rubuta, na kawo na ajiye a gefen farantinta.

A gidan ta yi idda. Wata uku muna kwana ɗaki daban-daban, tana dafa abinci ta rufe mini a kan tebur, tana wanke kayan aikina ta goge. Kalma ɗaya ce tsakanina da mayar da aurena, kuma na san ta, kowane yaro ya san ta. Sau da yawa nakan tsaya a ƙofar kicin da niyyar faɗa, sai in ji ina so ita ta fara cewa wani abu, ko da "ka yi haƙuri" ne. Ita kuma, yanzu nake gani, tana jira ne in ce ta je ta duba uwarta ta dawo. Haka kwanakin suka ƙare.

Ni ne kafilinta, wato da sunana take zaune a ƙasar, don haka ni na je na soke iƙamarta, takardar izinin zamanta. Abin bai ɗauki minti goma ba. Ma'aikacin ya danna abin da zai danna, ya miƙo mini fasfo ɗinta ya ce, "Khalas," wato shi ke nan. Ni na kai ta filin jirgi. Da na sauke mata akwatuna sai ta ce maganin hawan jinina yana cikin durowa ta biyu, saura na sati uku, kada in bari ya ƙare. Ta ce in yafe mata. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta tura keken kayanta ta shiga, tana da shekara arba'in da bakwai, ba aiki, ba miji.

Ban ƙara aure ba. Mutane sun yi ta kawo mini zance, ina cewa sai na koma gida. Na ci gaba da ɗaukar nauyin karatun 'yata har ta gama, na yi mata aure, a wurin bikin ma mun gaisa da uwarta daga nesa kamar surukai. Duk Sallah nakan aika mata da ɗan wani abu ta hannun yarinyar, amsa ta dawo cewa ta gode, Allah ya ƙara buɗi. In na tambayi lafiyarta, 'yata ta ce da sauƙi. Na san tana da ciwon suga. Na ɗauki "da sauƙi" a yadda aka faɗe ta, don haka ya fi mini daɗi.

Kamar shekara guda kafin rasuwarta, aka kira ni ofishin kamfaninmu da ke unguwar Al Mirqab a kan shirin ritayata. A nan baƙo ba shi da fansho na wata-wata. In ka gama, a dunƙule ake ba ka garatutinka, a soke iƙamarka, ka kama hanyar garinku. Jami'in da ya zauna da ni wani Basudane ne mai furfura, mai haƙurin bayani. Ya ba ni fom in sabunta, har da wurin da ake rubuta wanda za a nema in ta Allah ta kasance kafin lokacin. Na ga sunan da ke wurin tun zuwana nata ne. Na tambaye shi, in na bar shi haka, za ta samu wani abu? Ya tambaye ni ko har yanzu matata ce. Na ce mun rabu. Ya girgiza kai, ya ce in na mutu haƙƙina kotu za a kai a raba wa magada, kuma matar da aka saka ta gama idda ba ta cikin magada, ko da shekara nawa ta yi a gidan. Ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, in kana so ka ba ta, ka ba ta da hannunka tun kana numfashi."

Na goge sunanta na sa na 'yata. Amma daga ranar na ƙulla niyya a raina. Na ce in garatutin ya fito, zan ware mata kaso mai kauri, in saya mata ɗan gida kusa da na mahaifiyarta ko in zuba mata a wani abin da zai riƙa kawo mata na cefane. Har na tsara yadda zan yi: in je Zariya da kaina, in yi sallama, in zauna a zaure, in ce mata ga abin da na hana ki, na kawo. Ban faɗa wa kowa ba, ko 'yata. Gaskiyar da na daɗe ina kauce mata ita ce ba sai na jira garatuti ba. Ina da abin da zan iya aika mata a wannan satin. Amma ina so in ga fuskarta lokacin da zan faɗa. Ina so a ce na yi abin kirki, kuma a gabana a ce. Sai na jira.

Bayan an yi arba'in da 'yan kwanaki, 'yata ta bugo wata ranar Asabar da hantsi. Ta ce suna gyara ɗakin Umma suka samu wani fayil a ƙasan akwati. Ashe a shekarun ƙarshe na koyarwarta an riƙa cire wani abu daga albashinta ana tarawa a asusun fansho, kuma yana nan ba a taɓa ba. Ba wani abu ne mai yawa ba. Ta ce ta je ofishin masu riƙe da asusun, sun ce sai an kawo takardar kotu ta magada, sannan suna bukatar wasiƙa daga wanda marigayiyar ta rubuta a matsayin na kusa da ita, da sa hannunsa da hoton fasfo ɗinsa. Na ce to wane ne, kawunta babba?

Ta ce, "Kai ne, Abba."

Ta turo mini hoton takardar. Rubutunta ne, irin na malaman da, kowane harafi a tsaye. Ga sunana cikakke, ga adireshin tsohon gidanmu na haya a Zariya, a wurin dangantaka kuma ta rubuta miji.

Kwana uku ina buɗe hoton nan ina kallo, a wurin aiki, a mota, a kan sallaya. Ina jin kunyar faɗin abin da na ji, amma tunda na fara zan faɗa: daɗi na ji. Na ce a raina shekara shida tana da damar goge sunan nan ba ta goge ba. Ni da na sake ta na goge nata a zama ɗaya, ita ta bar nawa. Na ɗauka saƙo ne ta bar mini.

Na kai wa dattijon nan direba maganar. Mun haɗu da yamma a wani ɗan shagon shayi a Ain Khaled, inda yakan jira kafin ya je ɗauko matar gidansu daga wurin 'yan uwanta. Muka karɓi karak, shayinsu mai madara, a kofin takarda muka tsaya a inuwar motarsa. Na nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini wayar. Ya ce in rubuta wasiƙar da aka nema in aika, in yi mata addu'a, in bar abin haka. Na ce ina so in tambayi yarinya ko uwarta ta taɓa yin maganar. Ya ce kada in tambaya. Ya ce abin da na samu ya ishe ni, in riƙe shi. Sai wayarsa ta yi ƙara, muryar mace ta ce yalla, wato ya yi sauri, ya zubar da sauran shayin ya shiga mota.

Ban ji maganarsa ba. Washegari na kira 'yata, muka gama zancen takardu, sannan na sako tambayar kamar ba komai ba. Na ce ashe Ummanki ba ta taɓa canza sunan nan ba. Da ta yi magana, muryarta ba irin wadda na sani ba ce.

Ta ce, "Abba, sau biyu ina raka ta don ta canza."

Ta ce zuwan farko sun wuni a layi, da aka zo kansu aka ce na'ura ba ta aiki, su dawo wani satin. Zuwa na biyu aka ce tunda miji ne a rubuce, sai ta kawo shaidar rabuwa a haɗa da fom ɗin. Takardar sakin da na rubuta da hannuna tana cikin jakarta. Ta ciro ta, ta dubi yaran da ke bayan kanta, waɗanda ba su wuce sa'annin ɗalibanta ba, ta dubi mutanen da ke tsaye a bayanta suna jira. Sai ta ninke ta mayar, ta ce su tafi gida rana ta yi. Ba ta sake komawa ba.

Na ce to.

Amma yarinyar ba ta tsaya ba. Ina jin shekara shida take riƙe da maganar. Ta ce Umma ta nemi kuɗin nan tun tana da rai, da ta cika shekara hamsin, aka ce sai ta kawo takardar amincewa da ajiye aikinta, aka neme ta a makaranta aka rasa, aka tura ta wani ofishi, can ma aka tura ta wani. Ta yi ta zirga-zirga har ƙafarta ta fara kumbura ta daina. Ta ce Umma ta koma koyarwa a wata ƙaramar makarantar kuɗi a bayan unguwa, inda albashi ke zuwa in ya ga dama. Ta ce akwai watannin da take raba allurar sugarta biyu don ta kai ƙarshen wata, ba wanda ya sani sai da ta faɗi a aji. Na ce me ya sa ba a gaya mini ba. Ta ce Umma ta sa ta rantse ba za ta roƙe ni komai da sunanta ba.

Ta ce, "Kullum kana tambayata ya jikinta, in ce da sauƙi, ka ce madalla. Ko sau ɗaya ba ka ce in ba ta wayar ba."

Ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Tana gamawa ta fashe da kuka tana ba ni haƙuri. Na ce ba ta yi laifi ba. Na ce duk abin da ta faɗa haka yake.

Har yau ban san abin da ya sa ta mayar da takardar nan jaka ba. Wata rana in ce kunya ce kawai, mace mai shekara hamsin ba ta so yara su karanta sakinta. Wata rana in ce wataƙila akwai wani abu bayan kunyar. Na daina zaɓar wanda ya fi mini daɗi.

Na rubuta wasiƙar a wurin aiki lokacin hutun azahar. Sau uku ina yagawa, don ban san yadda zan kira kaina ba. A ƙarshe na rubuta cewa ni tsohon mijinta ne, aurenmu ya ƙare shekara shida kafin rasuwarta, ba ni da haƙƙin komai a cikin abin da ta bari, magadanta su ne 'yarta da mahaifiyarta da ƙannenta biyu. Na kai ofishin jakadancinmu aka buga hatimi. Ma'aikacin ya karanta, ya ɗago ya ce Allah ya jiƙanta, ya kira na gaba. Daga nan na wuce wurin masu aika saƙo na biya aka tafi da ita.

Abin da ya rage shi ne tsohuwar, mahaifiyar marigayiyar. Tun rabuwarmu ban yi magana da ita ba, ko a bikin jikarta gaisuwa ce ta baki ɗaya a cikin taro. Na ce wa 'yata in ta je gidan ta haɗa mu. Ranar wata Lahadi da safe ta kira, ta ce ga Inna. Na tashi tsaye a falo ni kaɗai, sannan na durƙusa, ko da yake ba ta ganina. Na gaishe ta, na yi mata ta'aziyya, wata biyu bayan lokacinta. Ta amsa a hankali, ta tambayi aiki, ta tambayi zafin ƙasar, ta ce an ce mata na kusa dawowa. Na ce haka ne. Sai na faɗa mata duk abin da na ƙulla, da gidan da na so in saya, da yadda na shirya in zo zaure in zauna. Na ce tunda Allah bai nufa ba, ina roƙon ta karɓa a madadin 'yarta.

Ina jin kukan kaji a bayanta da wani mai tallan kalanzir yana wucewa.

Ta ce, "Malam, me ya hana ka faɗa mata?"

Na sunkuyar da kai a inda nake durƙushe. Ita ma ba ta matsa ba. Ta ce ita ta tsufa, abin da take ci a rana bai kai cikin tafin hannu ba, 'ya'yanta maza suna yi mata. Ta ce in ba jikarta, ko in yi wa marigayiyar sadaka da shi, duk wanda na ga ya fi. Na ce ina neman gafararta.

Ta ce, "Nawa na yafe tun tuni. Nata kuma ba ni da ikon yafe maka. Amma shekara shida muna ɗaki ɗaya da ita, ban taɓa jin ta ambace ka da mugun baki ba. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ta ce in na dawo in zo in gaishe ta, kada in ji nauyi. Sannan ta miƙa wa yarinyar wayar, na ji tana cewa a zo a kama ta za ta yi alwala.

An biya su kuɗin asusun bayan wata huɗu. 'Yata ta ce da aka raba, kason kakarta ya isa aka yi mata aikin ido ɗaya, yanzu tana gane mutum in ya matso kusa. Nawa garatutin ya shigo satin da ya wuce. Abokan aiki sun yi mini ɗan taro a ɗakin hutu, aka yanka kek, aka ba ni agogo. Ban taɓa kuɗin ba tukuna. Na yi magana da 'yata a kan makarantar da uwarta ta koyar a ƙarshe, ko sadakar za ta tafi can, ta ce rufin ajin yana yoyo, za ta je ta ga mai makarantar.

Saura kwana goma sha tara iƙamata ta ƙare. Na sayar da mota, masu kago, wato masu jigilar kaya zuwa gida, sun zo sun auna kaya, dattijon nan ya ce shi zai kai ni filin jirgi in uwar ɗakinsa ta ba shi dama. Jiya 'yata ta tambaye ni a wane gari zan zauna, don mijinta ya fara nema mini gida. Na ce mata ta bari in iso tukuna.